Daga Kebbi zuwa tsibiran tsakiyar teku: yadda ake shirya tafiya a jirgin balaguro

Mutumin Kebbi ba baƙon ruwa ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar kabanci ya ga maza sun nutse sun daɗe ba su ɓullo ba, wanda kuma ya halarci Rigata a Yauri ya san yadda mutanenmu ke sarrafa kwalekwale. Shi ya sa nake ganin wannan irin tafiya ta dace da mu: a shiga ƙaramin jirgin ruwa a nufi tsibiran da ke can nesa, a yankin da zafi bai kai namu ba sanyi kuma bai kai na Turai ba, a ga tsuntsaye da kunkurun teku da kifin wel, a yi nutso, a hau duwatsu. Tafiya ce mai tsada da yawan takardu, amma tana yiwuwa ga wanda ya soma shiri kamar shekara guda kafin ranar tashi.

Mataki na farko: ka san irin jirgin da kake nema

Kada ka haɗa shi da ƙaton jirgin shaƙatawa mai ɗaukar mutum dubu uku ko biyar. Jirgin balaguro yakan ɗauki fasinja 50 zuwa 200, yana kuma ɗauke da kwalekwalen roba masu inji da ake kira Zodiac, waɗanda ake saukewa a kai mutane gaɓa a wuraren da babu tasha. Cikin ma'aikatansa akwai masana tsuntsaye da halittun ruwa da duwatsu. Jadawalin da za a ba ka niyya ce kawai: kyaftin da shugaban tafiya ne ke yanke shawara kowace safiya bisa iska da igiyar ruwa. Ana iya kwana biyu a teku a iso tsibiri, a gan shi ga shi nan, sauka ta gagara. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki haka ba, gara ya nemi wata tafiyar.

Mataki na biyu: fasfonka ne zai zaɓa maka hanya

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya ga hoto ya burge shi, ya biya kafin alƙalami, daga baya ya tarar jirgin zai ratsa ƙasashe huɗu kowace da bizarta. Kamfanoni kan hana fasinja hawa idan biza ɗaya ta rage, ko da ya ce ba zai sauka a wannan tasha ba. To, ka fara duba inda koren fasfo zai kai ka cikin sauƙi.

Mafi kusa da mu Cape Verde ce, tsibirai goma masu nisan kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal. 'Yar ECOWAS ce, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, sai dai ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri, domin jami'an shige da fice na tambaya. Kunkurun teku na hawa yashin Boa Vista da Sal da Maio su yi ƙwai daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kifin wel mai doro kuma na zuwa ruwan Boa Vista da 'ya'yansa wajen Maris zuwa Mayu. Mai son hawa yana da Pico do Fogo, dutse mai aman wuta na mita 2,829, wanda amansa na 2014 ya binne gidajen ƙauyukan da ke gindinsa, ga kuma kwazazzaban Santo Antão. Akwai ƙananan jirage da ke zagaya waɗannan tsibirai kaɗai, wasu kuma su haɗa da Dakar. Ga wanda bai taɓa kwana a teku ba, nan nake ba shi shawara ya fara.

Gaba da su akwai tsibiran Kanari na Sifaniya, sai Madeira da Azores na Fotugal, dukansu bizar Shengen ɗaya, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, ta wadatar. A Madeira ana bin gefen magudanan ruwan da magabata suka haƙa a jikin duwatsu, cikin tsohon dajin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1999. Kusa da ita akwai tsibiran Desertas, mafakar 'yan tsirarun dabbar teku da ake kira sil da suka rage a yankin, can kudu kuma Selvagens inda tsuntsayen teku ke sheƙa dubbai, ba a sauka sai da izini. Azores tsibirai tara ne. Dutsen Pico, mita 2,351, shi ne mafi tsawo a duk Fotugal, kuma mutanen da kakanninsu ke farautar wel da mashi har cikin shekarun 1980 su ne yau ke kai baƙi kallonsa. Shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a duniya, yana ratsa ruwansu wajen Afrilu da Mayu.

Ga wata dabara da ya kamata ka sani. Jiragen balaguro na ƙaura kamar yadda makiyaya ke bin ciyawa: daga Nuwamba zuwa Maris suna Antatika, da an rufe can sai su yo arewa su nufi yankin ƙanƙara na Arewa, a hanya su ratsa St Helena, Ascension, Cape Verde, Kanari, Madeira da Azores. Saboda haka tafiye-tafiyen tsibiran Atilantika suka fi yawa daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa Oktoba lokacin komawa kudu. Kwanakin teku sun fi yawa a irin waɗannan, kuɗin kowane dare kuma sau da yawa ya fi sauƙi. St Helena da Ascension kowace na da takardar izinin shigarta ta intanet, bizar Ingila ba ta tsaya a madadinsu.

Sai kuma na can ƙarshen duniya, a tekun Fasifik. Lord Howe na Ostireliya yana da nisan kimanin kilomita 600 daga gaɓar ƙasar, ba a barin baƙi fiye da 400 su kwana a kansa lokaci guda, kuma tudun murjanin da ke cikin ruwansa shi ne mafi kusa da kudancin duniya. Tsibiran Kermadec na Niyu Zilan, kimanin kilomita 1,000 arewa maso gabas da ƙasar, babu gari babu tasha, ruwansu a killace yake tun 1990, kifi bai san ƙugiya ba. Ogasawara na Japan ba su da filin jirgin sama, sai awa 24 a jirgin ruwa daga Tokyo. Wurare ne da suka cancanci buri, amma bizarsu da kuɗin jirgin sama sun sa ba nan ake farawa ba.

Mataki na uku: takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, da shafuka da yawa da ba a buga musu hatimi ba. Idan ya kusa ƙarewa, ka sabunta shi a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi tun kafin ka biya ko kobo. Ka nemi katin rigakafin cutar shawara a wurin jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Bizar Shengen ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ka nema da wuri, don samun ranar ganawa kanta aiki ce. Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Abu biyu sukan kuɓuce wa mutane. Idan jirgin zai fita yankin Shengen ya sake shiga, misali ya biya Maroko tsakanin Kanari da Madeira, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. Sannan ɗan Najeriya na buƙatar bizar wucewa ko da canjin jirgin sama kawai zai yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen, don haka mai zuwa Cape Verde ya bi ta Dakar ko Kasablanka. Ka roƙi kamfanin ya rubuto maka wasiƙa mai ɗauke da sunanka, sunan jirgin, da kowace tasha da ranarta.

Inshorar da ta fi muhimmanci ita ce ta kwaso majinyaci daga tsakiyar teku. Ka karanta da idonka ka tabbatar ta ƙunshi nutso da hawan dutse, domin da yawa suna cire su. Masu nutso kan yi rajista da DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiya da inshorar masu nutso, saboda wannan.

Mataki na huɗu: kuɗi

Ɗaki a irin wannan jirgi yakan kama daga wajen dala ɗari biyar zuwa sama da dubu a kowane dare ga mutum ɗaya, kuma farashin na mutum biyu a ɗaki ne. Mai tafiya shi kaɗai ko ya biya ƙari, ko ya yarda a haɗa shi da wani namiji, mace kuma da mace. Akan biya wani kaso tun farko, a cika sauran wata uku ko huɗu kafin tashi. Ka tara a asusun dala don kada faɗuwar naira ta cinye maka rabin guzuri, ka biya ta banki kai tsaye zuwa ga kamfanin ko wakilin da kamfanin da kansa ya tabbatar. Kafin komai ka sa su rubuta maka abin da za a mayar idan an hana ka biza.

Mataki na biyar: jikinka

Ka ga likita, ka gaya masa nutso da tukunyar iska za ka yi. Mai sikila ba ya wannan nutso. Mai asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon kunne, ko hawan jinin da bai daidaita ba, sai likita ya auna ya amince. Mace mai ciki ta haƙura da shi. Wannan bai hana kowa tafiyar ba, domin yawancin abin kallo ana ganinsa ne daga saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi, jirage da yawa ma iyakar abin da suke bayarwa ke nan. Idan nutso ne ya kai ka, ka tambaya tun farko ko jirgin na yi, da irin takardar shaidar da suke nema.

Yanzu ga maganar da na fi son 'yan'uwana na bakin gulbi su ji da kyau. Gwanin nutso a wurinmu shi ne mai dogon numfashi: ya cika ƙirji, ya riƙe, ya nutse, ya taso. Da tukunyar iska wannan ɗabi'a ita ce mai kisa. A zurfin mita goma nauyin da ke kan jiki ya ninka na sama sau biyu, iskar da ka shaƙa daga tukunya a can a matse take. Idan ka riƙe ta ka taso, tana kumbura har ta ninka girmanta kafin ka iso sama, huhu kuwa ba ya jin zafin da zai gargaɗe ka kafin ya yage. Dokar farko ke nan: numfashi ba ya tsayawa, ko da na'urar ta fita daga bakinka sai ka riƙa fitar da 'yan kumfa. Wanda bai iya ruwa sosai ba ya fi saurin karɓar wannan doka fiye da gwani, domin jikin gwani ya saba, da ya firgita sai ya koma abin da ya sani.

Doka ta biyu, tasowa a hankali. Iskar naitirojin na narkewa cikin jini a zurfi, idan aka taso da gaggawa sai ta zama kumfa a gaɓoɓi da lakar ƙashin baya, ta kawo ciwo ko shanyewar jiki. Shi ya sa ake tsayawa minti uku a zurfin mita biyar kafin a fito. Maganin wannan ciwo ɗaki ne na musamman da ake matsa iska a cikinsa, kuma daga wuri irin Kermadec mafi kusa yana da tafiyar kwanaki. Idan jagora ya ce iyakarku mita kaza, kada ka ƙara ko taƙi ɗaya.

Takardar shaidar farko, irin ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, kwana uku ko huɗu ake yi, tana ba da izinin mita 18, ta gaba kuma mita 30. Kafin a ba ka sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti goma kana yawo a saman ruwa. Ana koyarwa a Legas, da tsibirin Sal, da Masar a bakin Bahar Maliya. Ka yi wannan watanni kafin tafiya, ka ƙara nutso da dama a kai, domin wurare irin tudun ƙarƙashin teku na Princess Alice a Azores, inda manyan kifaye masu fiffike ke taruwa da bazararsu, ba a kai sabon shiga. Ruwan ma ya fi yadda kake zato sanyi. A Azores cikin Afrilu bai kai digiri 20 ba, sai da rigar roba mai kauri. Ita wannan riga tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, 'yan'uwa mata su ɗora hular ruwa da doguwar riga mara nauyi a kwalekwale.

Hawan dutse kuwa, ƙasarmu shimfiɗaɗɗa ce in ban da wajen Zuru, gwiwarmu ba ta saba da gangara ba. Dutsen Gower na Lord Howe mita 875 ne kacal, amma wuni guda ake yi, da jagora dole, ana kama igiya a gefen rami. Wata uku kafin tafiya ka fara: bayan sallar asuba, jaka a baya da ruwa kamar lita biyar, ka hau matakalar bene ka sauko, kana ƙarawa mako mako, da takalmin da za ka tafi da shi don ya saba da ƙafarka.

Mataki na shida: kaya, da abin da ba a so ka kai musu

Rigar ruwan sama da wandonta, rigar sanyi mara nauyi, takalmin hawa, takalmin roba mai maɗauri na shiga ruwa, hula mai igiya, tabarau, man kare fata daga rana (baƙar fata ma na ƙuna a teku), jakar da ruwa ba ya shiga, da madubin hangen nesa mai kyau, wanda ya fi babbar kyamara amfani. Magungunanka su isa har da ƙarin mako guda, cikin kwalinsu na asali.

Sauran aikin na tsafta ne, kuma ina roƙo a ɗauke shi da gaske. Halittun waɗannan tsibirai sun rayu dubban shekaru ba su san ɓera ko kyanwa ko baƙuwar ciyawa ba. A 1918 jirgin Makambo ya maƙale a gaɓar Lord Howe, ɓeraye suka tsallaka, cikin 'yan shekaru nau'in tsuntsaye biyar suka ƙare ƙaf, babu su a ko'ina a duniya. Wani babban ƙwaro mai kama da kara ma an ɗauka ya ƙare, sai a 2001 aka gano 'yan kaɗan a jikin tsaunin Ball's Pyramid da ke tsaye shi kaɗai cikin teku. Sai a 2019 aka yi gagarumin aikin kawar da ɓerayen, tsuntsaye suka fara farfaɗowa. Ka duba safarka da igiyar takalminka da maɗaurin jakarka bayan ka ratsa gona da kaka, ka ga yawan ƙarangiyar da ta manne. Ƙwaya ɗaya ta isa. Ka zauna da allura da buroshi ka tsince kowane lungu, ka wanke ƙasan takalmi har laka ta fita daga tsaginsa, ka zazzage aljihu. A jirgi ma za a sa ku yi haka, a tsoma takalma cikin magani kafin sauka da bayan dawowa.

Kilishi, dambun nama, goro, ƙuli-ƙuli, zuma: a Ostireliya da Niyu Zilan dole ka bayyana duk abin ci a takardar shiga, yawanci kuma za a karɓe. A Niyu Zilan rashin bayyanawa tarar dala 400 ta ƙasar ce nan take. Turai ma ba a shiga da nama.

Mataki na bakwai: zama a jirgi

Ka iso garin da jirgin zai tashi kwana biyu kafin lokaci. Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello zuwa Abuja ko Legas, daga can zuwa waje, jinkiri ɗaya ya isa ya sa ka iske tasha wayam, kuma babu mai bin jirgi a baya zuwa tsibirin da babu filin sauka.

Tashin zuciya ba ya jin kunyar Basarke. Igiyar teku doguwa ce, tana ɗaga jirgi ta sauke shi dare da rana. Ka zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawan ƙasa, ka sha magani kafin a tashi, ka ci abu kaɗan kaɗan, ka fita ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Citta na taimakawa. Maganin na sa barci, don haka ka gwada shi a gida, ka kuma gaya wa jagoran nutso kana shansa.

A takardar rajista ka rubuta cewa ba ka cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, ranar farko kuma ka je ka gaisa da shugaban ɗakin abinci ka maimaita masa. Kifi da ganye ba sa yankewa. Game da salla, ka tattauna da malaminka kan ƙasaru da haɗa salloli da yin ta a zaune idan jirgi na tangaɗi. Lokutan salla na sauyawa kullum, alƙibla ma haka: a Lord Howe yamma ake fuskanta. Ma'aikatan ɗakin tuƙi za su nuna maka inda jirgi ya dosa idan ka tambaya. Ka kuma shaida wa iyali cewa ana iya kwana biyu ba su ji ka ba, kada hankalinsu ya tashi.

Mataki na takwas: ranar sauka

Ba a shiga Zodiac sai da rigar kariya a ɗaure, gwani da ɗan koyo duk ɗaya. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warra a 2021 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Hannuwanka biyu su zama babu komai, jaka a baya. Matuƙi zai kama ka a damtse kai ma ka kama nasa, ka jira ya ce taka, ka taka, ka zauna nan take a gefen roba. A gaɓa akan sauka cikin ruwa zuwa gwiwa: ka matsa gaba a zaune, ka juya ƙafafu waje fuskarka na kallon teku don ka ga igiyar da ke tafe.

A kan tudu ka bi sawun jagora. Tsuntsayen teku da yawa a rami suke sheƙa, taku ɗaya a gefen hanya na iya rufta rami a kan ɗan tsako. Ka bar tazarar da aka faɗa, sau da yawa mita biyar, idan dabba ta ɗago kai ta daina abin da take yi to ka matso da yawa. Ba a ba su abinci, ba a taɓa murjani, ba a ɗaukar ko ƙwanso ɗaya. Wajen kunkuru mai ƙwai da dare ba a haska farar tocila ko fitilar waya, domin haske na sa uwa ta koma ruwa ba ta yi ƙwai ba, 'ya'yan kuma su bi shi su bar hanyar teku. Jan haske kawai jagora ke riƙewa, ku tsaya a bayanta shiru har ta rufe ramin.

A ƙarshen tafiya ka lissafa nutsonka na ƙarshe da lokacin jirgin sama. Bayan nutso ɗaya akan jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa aƙalla awa 18, masu taka-tsantsan kuma su cika awa 24. Hawan dogon dutse irin Pico ko Fogo bayan nutso shi ma haka yake, don haka ka fara yin hawa, nutso ya biyo baya. Idan ka ji ciwon gaɓa, ko sanyin hannu da ƙafa kamar ba naka ba, ko jiri, ko gajiya da ba ta da dalili, ka gaya wa likitan jirgi nan take, kada ka bari sai ka iso gida.